Tagar da Ba Ta Ga Kwara Ba

Ina jin abin da kuke faɗi duk damina, in kun tashi kuna cusa tsummoki a tagogin gabas, kuna kwashe ruwa daga tsakar ɗaki da ƙoƙo. Kuna cewa taurin kan Inna ne, magini ya hana ta ba ta hanu ba. Kunnena bai mutu ba, shiru kawai na yi. To yanzu da na samu mai rubuta mini, zan faɗi yadda anka yi gidan nan sau ɗaya, domin waɗanda sunka ga abin da idonsu duk sun riga ni, kuma ba na son ku gaji labarin a karkace.

Ubanku ɗan Sarkawa ne. A cikin jirgi ya yi rarrafe, a bakin Kwara ya yi wayo, bai san wata sana'a ba sai taru da koma, har shekarar da kifi ya yi wuya ya bi wasu samarin Bagudo sunka ƙetara Dahome, ƙasar da kuke ce wa Binin yanzu. A Kandi ya samu aikin gini ƙarƙashin Faransawa. Da ɗaukar dutse ya fara, daga baya ya zama mai riƙe bakin igiyar awo ga wani mutumin kudancin ƙasar, wanda aikinsa zana gidaje a takarda kafin a gina su. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. Ni kuwa ina gidan wansa, Yaya Mamman, cikin bukka ɗaya da yara biyu, ina dafa abincina a murhun da ba nawa ba. Ba a wulaƙanta ni ba, wannan ku riƙe. Amma wanda ke zaune a inuwar wani ya san ba tasa ba ce.

Shekarar da anka ce Turawa sun miƙa mulki, na Dahome sunka riga namu da 'yan watanni, aikin nasu ya watse, ya dawo gida gaba ɗaya. Ya taho da bandir na kwano a jirgi, da wani siririn gwangwani da yake ratayawa a kafaɗa ba ya bari kowa ya taɓa. Ya taho kuma da tari. Ranar da gari ya cika da kiɗa, 'yan makaranta suna yawo da 'yan tutoci, shi bai leƙa ba. Ya shimfiɗa tabarma a bayan bukka, ya zaro takarda daga gwangwanin, ya danne kusurwowinta da duwatsu, ya kira ni. Takardar shuɗiya ce kamar an tsoma ta a baba, layukanta farare. Abokin nasa ne ya zana masa ita da za su rabu. Na duba na sake dubawa.

"Ni ban ga gida ba," na ce. "Na ga kamar kifi an tsaga an buɗe."

"Ta-Ilo," ya ce, haka yake kirana don daga Ilo anka kawo ni, "ki ɗauka ke shirwa ce, kina sama, an ɗauke rufi. Yanzu duba."

Sai na gani. Inda layi ya yanke, ƙofa ce. Inda ya sirance ya zama biyu, taga ce. Ga ɗakinsa, ga nawa da na yara, ga baranda a gabansu, ga sito da makewayi a gefe guda jikin wani dogon bango da ba shi da taga ko ɗaya. A gefen takardar an yi rubutun Faransanci layi-layi. Shi ma ba karantawa yake ba, amma ya haddace shi kamar yadda yaro ke haddace allo: kaurin bango, tsayin ƙofa, daɓen siminti, farar ƙasa a ciki da zoben bula daga ƙasa zuwa ƙugu, har inda gado zai tsaya. Da ya ga lambobin ba za su yi mini amfani ba, sai ya samo igiyoyin rama ya ƙulla kowane awo a jikinsu. Wagga ta tsawon ɗaki, wagga ta faɗi, wagga 'yar gajeruwa ta tsayin tagar ɗakinsa daga ƙasa. Ya sa na yi ta maimaitawa har ina gane kowacce da hannu ba sai na duba ba.

Ba mu kai ga aza harsashi ba tarin ya yi ƙarfi. Yaya Mamman ya yanke a kai shi Zagga wurin kawunsu mai maganin ƙirji, wanda ya ce sanyin gulbi ne ke ci masa huhu, sai an nisanta shi da ruwa. Ranar tafiya, an riga an ɗora shi a jaki, ya miƙo mini gwangwanin.

"Ga takarda, igiyoyi suna wurinki. Kada ki bari Ɗanjimma ya yi miki na kansa. Akwai kibiya a sama, ita za ku fara daidaitawa, sauran duk za su bi ta."

"To," na ce.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. A zamaninmu mace ba ta jan magana da mijinta a gaban wansa.

Ɗanjimma shi ne maginin garinmu, kuma taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, saboda haka bakinsa ba ya hutawa a kaina. Filin kuwa shi ne wanga da kuke ciki, tudun kakanku, wanda in ka tsaya a kansa kana hangen Kwara daga kudu. Ranar kafa turaku munka baje takardar a ƙasa. Kibiyar na nan a sama, da wani harafi a kanta kamar kara biyu an gitta musu na uku. Ɗanjimma ya tsuguna ya juya kansa dama da hagu.

"Kulu, mijinki ya je Dahome ya koyo harbi ne? Mi za a yi da kibiya a gida?"

"Ya ce ita za a fara daidaitawa."

"To ai an gama magana. Kibiya a takardar gidan Musulmi, ina za ta nufa in ba Makka ba?"

Ban ga abin musu a nan ba, kuma har yau ban ga wanda da yana wurin zai yi musu ba. Munka aika anka kira liman. Ya zo da sandarsa, ya tsayar mana da alƙibla yadda yake tsayar wa masallaci, anka kafa turke, anka juya takardar har kibiya ta dubi gabas. Liman ya tambayi ina makewayi, na nuna masa, ya ga mai shiga ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba. Ya ce wanda ya yi zanen nan ya san abin da yake yi. Anka yi addu'a, anka raba goro.

Da anka ja igiyoyi ne Ɗanjimma ya ɓata fuska. Ya ga tagogi biyu sun faɗo a bangon gabas.

"Wanga ba daidai ba ne. Tun kakana ba a buɗe wa gabas baki. Daga nan hadari ke tahowa."

"Haka takarda ta ce."

"Takarda ba ta taɓa kwana a Bagudo da damina ba."

"Mai takardar ya kwana. Gina."

Wannan ita ce maganar da kunka ji rabinta. Ya hana ni, gaskiya ne. Amma mutum yana kwance a Zagga ya ba ni amana, ya ambaci sunan Ɗanjimma da bakinsa ya ce kada in bari. Ku faɗa mini wace ce a cikinku za ta yi dabam.

Duk ranin nan a filin na yi shi. In na gama abincin safe sai in goya ƙaramarku in taho da igiyoyi a ƙugu. Da tubali munka yi ginin bisa harsashin dutse, yadda ubanku ya yarje mana, amma awo ban sassauta ko yatsa ba. Akwai ranar da na sa anka kwance zubin bango guda don igiya ta nuna ya shigo ciki. Ɗanjimma ya ce gara ya yi wa Nasara aiki da ya yi mini, Nasara yana zuwa cin abinci. Da munka zo tagar ɗakin ubanku na miƙa masa 'yar gajeruwar igiyar, ya auna, ta tsaya masa a gwiwa.

"Wagga ta awaki ce ko ta mutane?"

"Ta wanda ya ƙulla igiyar ce."

Fatake masu zuwa kasuwar Zagga su ke kai mini saƙo. In ce a gaya masa an fita harsashi, in ce a gaya masa an kai kan ƙofa. Shi kuwa tambayarsa ɗaya ce take dawowa kullum: tagar ɗakina ta yi ƙasa yadda na ce? In aika in ce ta yi. Bai taɓa tambayar mi take kallo ba, ni ma bai zo mini in faɗa ba.

Gajimare ya fara haɗuwa, bango ya kai, saura rufi, sai ubanku ya matsa wa Yaya Mamman a dawo da shi. Da na gan shi a kan jakin nan na san abin da na gani. Wuyan hannunsa ya koma kamar na yarinya, kuma tsumman da yake tari a ciki yana ɓoye shi a aljihu da sauri. Bai yarda a kai shi gida ba, filin ya ce a fara zuwa. Da la'asar ne. Ya sauka ya dafa kafaɗar wansa, ya tsaya yana kallon ginin, na ga idonsa ya je gulbi ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Ya shiga ɗakinsa, ya ce a ba shi tabarma, ya shimfiɗa ta daidai inda gado zai tsaya, ya kwanta, ya juya fuskarsa ga tagar. Rana ce ta dake shi a ido, sai rumbun maƙwabcinmu a tsaye. Ya daɗe a haka.

"Ina kunka sa kibiya?"

"Gabas," na ce. "Liman da kansa ya tsayar."

"Arewa take nufi."



"Duk takardar gini arewa take nunawa," ubanku ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Wanda ya zana ta ko salla ba ya yi, ina ruwansa da alƙibla? Kun juya mini gida. Bangon da ba taga na hadari ne, kun kai shi ya tare gulbi. Tagar nan na sa anka yi ta ƙasa don in ina kwance in ga ruwa. Shekarun da na yi a Kandi ko ƙarar filafilin tuƙa jirgi ban ji ba. A Zagga ma haka."

Sannan ya ce, "A rushe."

Ɗanjimma ya tsuguna a bakin ƙofa, wasan duk ya fita daga muryarsa. Ya ce in an rushe yanzu ba mai gina ƙasa da damina, sai bayan kaka. Na ce to a fasa taga a bangon kudu. Ɗanjimma ya ce bangon ne zai ɗauki azara, kuma bai gama bushewa ba. Ubanku ya ce ko da zai yiwu, bayan bangon nan sito ne da makewayi, shi ba buhun gero ba ne da za a jingine shi a sito. Ya ce zai jira kaka. Anka ɗaga shi anka kai shi tsohuwar bukkarmu, wadda tun bara take yoyo.

Da safe na je gidan Ɗanjimma na ce ya tara yaransa a ɗora rufi. Ya dube ni ya ce shi ba ya shiga tsakanin mata da miji, sai in Yaya Mamman ya ce. Munka same shi yana gyaran koma a ƙofar gida.

"Kulu, kin ji abin da mijinki ya ce."

"Na ji, Yaya."

"To?"

"Ka dubi ƙanenka, ka dube ni, ka ce mini zai ga kaka. In ka faɗa, ni zan fara sa hannu a rushe."

Ya ci gaba da ɗinkinsa har na ɗauka ya sallame mu. Can ya ajiye komar ya tashi, ya wuce mu, ya je inda anka jibge azara ya saɓa ɗaya a kafaɗa.

Kwano ba ya ɓoyuwa. Gidan kwano a lokacin ba su da yawa a garin, ƙusar farko da anka buga har kasuwa an ji. Na koma bukka da kunu na tarar ya tashi zaune.

"Wa ya ba da izini?"

"Ni."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya kwanta ya juya wa bango fuska. Tunda anka kawo ni gidansu ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar, kuma bai ƙara yi mini magana ba har anka gama. In na kawo abinci ya ci abin da zai iya, in na gaishe shi ya ɗaga kai. Ni kuwa na ci gaba. Na sa anka yi yaɓe da daɓe, na shafa farar ƙasa da hannuna, na ja zoben bula daidai ƙugu da igiyarsa, na sa kafinta ya aje gado inda takarda ta ce. Abin da ya rage a hannuna in yi daidai, na yi shi daidai.

Ruwan farko ya jiƙa shi a bukka, washegari Yaya Mamman bai nemi shawarar kowa ba ya sa anka ɗauko shi. Da anka shigo da shi ya miƙa hannu ya shafa bango, ya bi zoben bular da ido har ya zagayo. Hadari na biyu ya shigo ta tagogin gabas kamar an watso da masaki. Ina durƙushe ina tsane ruwa na ji muryarsa daga ɗaki.

"Ɗanjimma ya gaya miki, ko?"

"Ya gaya mini."

"Kin ce mi?"

"Na ce haka takarda ta ce."

Na ji wani sauti, ban sani ba dariya ce ko tari. Daga nan magana ta dawo tsakaninmu kaɗan-kaɗan.

Da farko in gari ya yi kyau akan ɗauke shi a zagaya da shi bayan sito, ya zauna a kujera ya kalli gulbi har ya gaji. Daga baya ɗagawar ma ta zama azaba, ko an taɓa shi sai numfashi ya sarƙe. Ya koma gado ɗungum, shi da rumbun maƙwabci. Na rataya masa zane a tagar saboda ranar yamma. Wata rana na dawo daga wanki ya ce:

"Ruwa ya kai ina?"

"Ya ƙaru."

"Wanga ba labari ba ne, Ta-Ilo. Koma ki dubo."

Kun san ni, ban iya zuba ba. Shi ya koya mini. Ya ce in dubi yashin da ke gaban mashaya, ya nutse ko da saura. In dubi launin ruwan, fari ne ko ya fara ja. In ga ko ciyawar burgu ta fara tahowa daga sama, in ga jirgin wa ya fita, na wa ke kife ana toshe shi, su wa sunka taho daga Dole Kaina da kaya, mi sunka ɗauko. Kullum bayan azahar sai in sauka in tsaya a gaɓa kamar wadda ta yi ɓatan kai, mata suna tambayata mi nake nema. In hau tudu ina maimaitawa a zuciya don kada wani abu ya zube. Ba na ma jira in shiga, a waje nake duƙawa bakin tagar, in ɗaga zanen in fara. Yana rufe ido yana ji. Wani lokaci ya gyara mini, ya ce wancan jirgin ba na Audu ba ne, na ƙanensa ne, Audu ba ya zama a baya. Duk zaman aurenmu ba mu yi hirar da munka yi a daminar nan ba.

Bai ga kaka ba. Shinkafa tana fitar da kai ya cika, da hantsi, Yaya Mamman na riƙe da shi. Kafin nan ya ce mini ya yafe mini duniya da lahira, na ce ni ma haka, kamar yadda kowa ke faɗi. Ko rufin yana cikin abin da ya yafe, ban tambaya ba, shi ma bai ware ba. A ɗakinsa anka wanke shi, ta ƙofarsa anka fitar da shi, masu gaisuwa a barandarsa sunka zauna. Abin da na tsaya a kai ke nan, kuma da za a maida ni safiyar nan, gidan Ɗanjimma zan sake nufa.

A ɗakin nan na yi takaba, a kan gadon nan. Lokacin ne gulbi ya cika. Daga bayan dogon bangon ina jin masu jirgi suna kiran juna, ina jin filafili yana bugun gefen jirgi, kusa kamar in miƙa hannu, in na juya kuwa rumbu ne. Ba wanda ya kawo mini labarin ruwa, ba wanda ya san ina so, ni ma ban roƙa ba. A watannin nan na san nauyin abin da ya nema.

Ranar da na fita takaba, mata sunka zo da lalle da sabon zane, sunka ce in fara zaga dangi. Na ce ina zuwa. Ƙafata ta kai ni gaɓa. Yashin ya nutse babu alamarsa, ruwan ya yi duhu ya kwanta, burgu ya taru a bakin mashaya, jirgin ƙanen Audu ya dawo da sabon katako a gefe, wasu 'yan Dole Kaina suna sauke gishiri. Na kwashe duka ban bar komai ba. Na hau tudu da sauri ina maimaitawa, na zagayo ta yamma, har na duƙa na ɗaga zanen kafin in tuna.